Gwaggo Ta Gaida Jirgi

Aikin Auta a ofishin gandun daji shi ne ƙirga giwaye. Yakan zauna gaban kwamfuta, a ɗakin da fanka ta fi kowa surutu, ya tashi ɗan jirgin nan marar matuƙi, ya bi garke da kyamara. Ranar da aka kawo jirgin, shi aka tura ƙauyensu da ke bakin gandun, ya tsaya gaban dattawa ya yi rantsuwa cewa dabbobi kawai za a riƙa kallo, ba ruwan jirgi da mutane. Suka yarda, don ɗansu ne.

Ran Talata da hantsi yana neman wata giwa mai ɗingishi, sai ga mace a hoton, ta wuce shingen gandun da nisa, tana sassaƙar ɓawon wata bishiya. Ya ƙura wa hoton ido. Gwaggonsa ce da ta raine shi, ta shigo nema wa mijinta maganin ciwon ƙafa. Da ta sunkuyar da kai, da shi ke nan, ba a ganin komai sai ɗankwali. Amma Gwaggo ba ta iya ganin nata ta ƙi gaisuwa. Ta ajiye gatari, ta ɗaga fuska sama, ta washe baki tana ɗaga hannu bibbiyu.

"Oga, don Allah a goge wannan," in ji Auta.

Ogan ko ɗagowa bai yi ba. "A goge me? Kai ma ka san hoton kai tsaye yake tafiya hedikwata. Tun watan jiya suka ce duk wanda jirgi ya gani a ciki, kotu."

"Ai ba haka muka faɗa wa mutane ba."

"Mu muka faɗa. Su ba su rubuta ba."

Auta ya buga waya hedikwata, aka ce shugaban sashen yana taro. Ya sake bugawa, aka ce ana kan duba dokar. Kullum dai ana kan duba ta. Haushi ya cika shi, ya rasa wanda zai sauke wa.

Da la'asar ya nufi gidanta don ya gaya mata sammaci na tafe. Ya tarar ta ɗora ɓawon a wuta, ya samu wuri ya zauna.

"Ɗan nan, ka gan ni kuwa?" ta ce tana dariya. "Da gangan na ɗaga fuska sosai, kada ka zaci baƙuwa ce ka kai ƙara."

"Na gan ki, Gwaggo," ya ce.