Abin da Ke Cikin Akwatin

Azumi na ajiye farantin kabsa a kan ledar cin abinci, mijinta Jibrin ya sake gwada sa'arsa da 'yarsu.

"Hajar, miƙa wa Kawu Talle ruwa."

Yarinyar ta miƙa, idonta na kan waya. "Tafaddal, ya ammi."

Jibrin ya haɗiye takaici. Shekararta goma sha biyu, nan unguwar Ulaisha a ƙasar Larabawa aka haife ta, kuma rabonsa da jin Hausa a bakinta tun ranar wani suna da ta gaida mata suka kwashe da dariya har da tafawa. Su ne kuma masu bugun ƙirji wai 'ya'yansu na zuba Larabci kamar 'yan ƙasa. A yi wa yaro dariya har ya kulle bakinsa, sannan a zauna ana kukan yaran zamani! Saura wata biyu su tafi Katsina hutu, inda mahaifiyarsa Gogo ke jiran jikar da ba su taɓa hira ba. Ya yi faɗa, ya yi lallashi. Tana ji sarai, amsa ce ba ta bayarwa sai da Larabci.

Talle mutumin Maraɗi ne, tare suke tuƙi da Jibrin a wani kamfani a unguwar Ulaya, kuma duk Juma'a bayan masallaci nan yake cin abinci. Ya dubi talabijin ɗin bango ya yi tsaki.

"Tasha ɗari uku, babu ta kallo. Ina tele ta da!"

"Kai dai bari," in ji Jibrin. "Ka san fim ɗin tsoron da tasharmu ke sawa daren Asabar, bayan labarai? Unguwarmu kaf talabijin ɗaya ce, ta gidan Alhaji Dawuda, baƙi da fari. Mu talatin a tsakar gida. In an tashi, ƙato da gemunsa sai an raka shi bayan gida."

"Ban da kai, ko?" in ji Azumi.

"Ni ne mai riƙe fitila."

Ya ajiye cokali. Akwai wani fim da bai taɓa mantawa da shi ba. Wata mata ta gaji tsohon gida, kullum tana jin ana ƙwanƙwasawa daga ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Jibrin ya ƙwanƙwasa gefen faranti sau uku, a hankali. Ta ɗauki kyandir ta sauka. Matakala na kuka. Ga wani akwati ɗaure da sarƙa, ƙarar daga cikinsa take fitowa. Ta kwance sarƙar, ta kama murfin...

Ya tsaya nan, ya ɗebi shinkafa.

Wayar Hajar tana kife a cinyarta. "Wa ba'adain?" ta tambaya, wato sai me ya faru.

"Sai aka ɗauke wuta."

"La!"

"Wallahi. Sau biyu suna maimaita shi, sau biyu ana ɗaukewa kafin ta buɗe. Shekara ashirin da biyar ke nan ban san abin da ke cikin akwatin nan ba."

Talle ya bushe da dariya har ya ƙware. "Mai farar riga? Ai mun gan shi! Gora muke ɗaura wa eriya, a kafa bisa soro, mu kamo tasharku tsaf. Kuma kuran ɗinmu bai tafi ba."

"Wutar da muke ba ku?"

"Ita fa. Ku kuna duhu, mu muna kallon fim ɗinku da wutarku."

"Kai, ƙasata!" Jibrin ya dafe kai. "To faɗa min, don Allah, me ke ciki?"

Hajar ta matso har gwiwarta na taɓa ledar. Talle ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya dubi silin.

"Gaskiya, Malam Jibrin... tana kama murfin na tura kaina cikin zanen innata. Ban fito ba sai da aka rufe tasha."

Azumi ta yi dariya har da hawaye. Jibrin ya ɗaga hannu sama. Mutum ɗaya a duniya da ya samu wuta, ya rufe ido!

"Ni na sani."

Hajar ce, kuma da Hausa.

"Matar ya buɗe," ta ce, tana laluben kalmomin ɗaya bayan ɗaya. Leɓen Azumi ya motsa, dariya na neman kuɓuce mata. Jibrin ya dube ta, ta maida shi yadda yake. "Ciki babu komai. Amma ƙwanƙwasa bai tsaya ba. Yanzu yana... Baba, wara'aha?"

"Bayanta."

"Yana bayanta. A ƙofa. Kuma kyandir ya mutu."

"Innalillahi," in ji Azumi, ta waiga ƙofar kicin.

Tsikar jikin Jibrin ta tashi, kamar yana zaune a tsakar gidan Alhaji Dawuda. Ya tura farantin gefe, ya matso.

"Sai me ya faru, uwata?"

Hajar ta miƙa hannu ta ƙwanƙwasa farantin sau uku. Talle ya ja hularsa ya rufe ido.