Ƙafar Inna Dije

Hajiya Bara'atu ta rasu ranar Talata da hantsi, aka yi mata sutura bayan azahar. A Runjin Sambo ba kowa ya san ta da wannan suna ba. Hajiya Soja ake ce mata, domin ta yi aikin jinya a soja lokacin yaƙin basasa tana budurwa, ta kuma zauna cikin kaki har ta yi ritaya. Da ta dawo gida ba ta buɗe kemis ba kamar yadda danginta suka so. Langa ta samu, ta zuba almakashi da auduga da bandeji, ta riƙa bin gidaje tana wanke gyambo da ƙuna da duk ciwon da ya ƙi warkewa. In aka matsa mata da godiya sai ta ce a ɗebo mata ruwan randa.

Ni maƙwabciyarta ce, Wasila. Ita ta sa na shiga ajin yaƙi da jahilci ina da jika, ta ce ba ta yawo da matar da ba ta iya karanta kwalbar magani. Da gwiwoyinta suka fara ciwo ni nake ɗaukar mata langar. Aikina in tafasa ruwa, in zuba gishiri, in riƙe tasa. Ban taɓa sa hannu a ciwo ba. Kallo nake yi da saurare.

Akwai abin saurare kuwa. Duk sa'ad da za ta buɗe ciwo sai ta ɗauko labari, kuma duk na yaƙi ne. Makarantar firamare da aka mayar asibiti, aka haɗa teburan yara aka yi gadaje. Zannuwan da suke yagawa su dafa in bandeji ya ƙare. Wani hafsa mai tsawa da ya ga allura ya sume. Ta ce in mai ciwo yana bin labari ba ya kallon almakashi. Labarin kan ƙare daidai lokacin da take ɗaure bandeji.

Ranar sadakar uku gidan ya cika. Tsofaffin sojoji suna waje a kan tabarmi, mata a ciki, har daga Ƙofar Rini da Wamakko. Kowa da abin da ta yi masa. Ina zaune a lungu ina ji, sai wata ta ce Hajiya ta yi wata da watanni tana wanke ƙafar mijinta mai ciwon suga. Nan na tuna da wata ƙafar da Hajiya ke wankewa. Inna Dije. Hajiya ta yi mako a kwance kafin ta cika, ga kwanakin makoki, kuma ban ji wanda ya ce ya leƙa Inna Dije ba.

Na sami Shamsiyya, 'yar ƙanen Hajiya, na tambaye ta langar.

"Tana ƙarƙashin gado, Gwaggo. Ɗauke ta. Ni ko murfin ba ni iya buɗewa."

Inna Dije tsohuwar mai fura ce, tana zaune wurin ɗanta Zulkifilu mai tuƙa keke napep, bayan masallacin unguwa. Gyambon yana tafin ƙafarta ta dama, kusa da yatsu. Na tarar da Zulkifilu a zaure, bai fita aiki ba.

"Gwaggo Wasila, gara da kinka zo. Jiya na kawo keke har bakin ɗaki, tac ce in na taɓa ta ba ta yafe mini nono ba."

Tun daga ƙofar ɗakin na ji warin. Ba irin wanda na saba ji ba ne. Tana kwance da zazzaɓi, an naɗe ƙafar da tsumma. Ta dubi langar, ta dube ni.

"Ke, mai riƙon tasa? Yaushe anka ba ki igiyar soja?"

"Inna, ina wuni. Ya muka ji da haƙuri?"

"Haƙuri sai ma'abocinsa. Allah shi jiƙan Soja. Ko gaisuwa ban samu na je ba, wagga ƙahwa ta hana." Ta share ido da bakin zane. "In ɗan nan ya aiko ki zancen asibiti, koma. Can yanke ƙahwa suke, su ba ka sanda."

"Wankewa na zo yi."

"Kin iya?"

"Na gani dai."

Ta yi tsaki, amma ta miƙo ƙafar. Matar Zulkifilu ta kawo ruwan zafi. Na wanke hannu, na sa safar roba, na jiƙa tsumman saboda ya riga ya manne. Ina taɓawa ta janye.

"Haka za ki yi mini shiru kamar wankin gawa? Ina labarin?"

"Wanne kike so?"

"Na Kofur Mu'azu."

Shi ne wanda ta fi so, Hajiya ta sha ba ta shi. Na fara yadda na ji. Kofur Mu'azu ɗan Sakkwato ne, ɓarɓashin bam ya shige shi a ƙafa, kusa da yatsu. Aka kawo shi makarantar nan cikin ruwan sama, yana zagin masu ɗaukarsa da Sakkwatanci, Hajiya ta amsa masa da irin harshensa, ya yi shiru yana kallonta.

"Kin tsallake takalmin," in ji Inna Dije.

"Ya hana a yanka takalminsa, wai sabo ne."

"Sabo ne, kuma na hagu ya fi shi tsada. Haka yac ce. Ke ba ki iya ba da labari ba."

Tana wannan gyara tsumman ya fita. Na zuba ruwan gishiri, na goge. Gyambon ya faɗaɗa, amma ba shi ya tsayar da ni ba. Yatsu biyu na ƙarshe sun yi baƙi ƙirin, sun yi sanyi. Na matsa ɗaya, ba ta ko motsa ba. Daga nan wani ja ya hau bisa ƙafar ya nufi idon sawu. Na sha jin Hajiya tana cewa in ta ga wannan, aikin langa ya ƙare.

"Ci gaba mana. Motar ta zo," in ji Inna Dije.

Motar da ke kwashe masu rauni zuwa babban asibiti ta zo, Mu'azu ya ƙi shiga, ya ce waɗanda suka tafi da ƙafa biyu da ɗaya suke dawowa. A labarin da Hajiya take ba masu ciwo, ta ci gaba da wanke masa har ya warke, ya yi aure bayan yaƙi, ya sa wa ɗiyarsa Bara'atu. Amma wata rana muna tsaye a bakin titi muna jiran keke ta gaya mini yadda abin ya ƙare. Ban taɓa faɗa wa kowa ba. Na ajiye audugar.

"Inna, Kofur Mu'azu bai warke ba."

"Mi kinka ce?"

"Motar ta tafi ta bar shi, aka datse hanya. Kafin wata ta zo baƙin ya kai gwiwa. A cikin motar ya rasu. Hajiya ta ce ranar da ya ƙi shiga, yatsu ne kawai za a cire masa."

Matar Zulkifilu ta sunkuyar da kai. Inna Dije ta ɗaga ido ta kalli rufin ɗaki. Na zaci za ta ce na yi wa mamaciya ƙarya, na shirya haɗiyewa.

"Kina tsammanin ban sani ba?" in ji ta. "Duk sa'ad da tak kai wurin auren sai ta yi sauri, kamar mai tuwo bisa wuta. Matar da ke gaya maka launin bargo, ta kasa gaya maka sunan amarya?"

Na sake ɗaukar audugar.

"Yatsu nawa sunka yi baƙi?" in ji ta.

"Biyu."

"Ƙanana ko manya?"

"Ƙanana."

"Ja ya hau?"

"Ya fara."

Ta gyara kwanciya. Can ta ɗaga murya yadda za a ji a zaure.

"Zulkifilu! Kawo keken naka mai ƙarar tsiya. Ke kuma ɗaure mini da kyau, ba ni shiga cikin mutane da tsumma. Kuma ƙahwarki ƙahwata, in sunka ɗauko zarto ke za ki tare."

Na ɗaure da bandejin Hajiya. Bai yi kyau kamar nata ba, ta kuma faɗa.

A asibiti likita ya duba ya ce yau za a yi aikin, ba gobe ba. Aka cire yatsun biyu da ɗan abin da ke bayansu. Ta yi kwanaki ana yi mata allurai, jan ya sauka. Wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mini yadda zan riƙa wanke wurin a gida, ta sa na yi a gabanta har ta gamsu. Da na gaya mata langar wace ce, ta ce ta san Hajiya, ita ta fara koya mata naɗin bandeji lokacin da aka tura su unguwa aikin rigakafi.

Tun daga nan kullum da safe ina gidan. Wasu gidaje ma sun aiko, na je inda zan iya, inda ba zan iya ba na ce a tafi asibiti.

Ranar sadakar arba'in Zulkifilu ya kawo Inna Dije a keke. Ya sunkuya zai ɗauke ta, ta buge masa hannu. Ta sauko da sanda, silifas ɗaya an yanke masa gaba, ta taka daga bakin titi har tsakar gida. Ta daɗe kafin ta kai. Shamsiyya ta shimfiɗa mata darduma, ta zauna, ta yi gaisuwar da ba ta samu yi ba, ta yi wa Hajiya addu'a mai tsawo. Da ta shafa, ta waiwayo ta gan ni.

"Gobe ki zo da wuri," in ji ta. "Jiya sai da rana ta take, ruwan ya huce."