Gawon Gonar Aro

Gonar da Ɗanasabe ya ara wa Mainassara a bayan ƙauyensu na ƙasar Kwaya fako ce, ko akuya ba ta tsayawa ta shinshina. Ɗanasabe ɗan baffansa ne, ɗan kasuwa a Magariya, irin mutanen nan da ba sa ba ka abu sai sun tabbatar ba shi da sauran amfani. Sharaɗi ɗaya ya kafa masa, wanda kowa ya sani a ƙasar da mutane suka yi wa gonaki yawa: mai aron gona ba ya dasa itace, don itace shi ne shaidar mallaka.

Mainassara bai dasa ko tsinke ba. Lokacin sassabe ne idan ya tarar da tohon gawo a tsohon kututture, sai ya bar reshe mai ƙarfi, ya datse sauran, ya kewaye shi da ƙaya saboda dabbobi. Shekara ta bi shekara, gawo ya tashi, ganyensa ya zame wa ƙasar taki, iska ta daina binne shuka. Gero ya fara cika rumbu, awakin matarsa Gimbiya suka yi ƙiba da 'ya'yan gawo.

Ana haka sai ga ma'aikatan gandun daji da mutanen wani furoje, wato shirin raya karkara, sun zo duba lafiyar itatuwan yankin. Shugabarsu, Madam Hamida, ta auna kaurin itatuwan, ta dubi tohon da ke tasowa, ta ce tun daga Sassumburum ba ta ga gona irin wannan ba. Ta yi alkawarin bayan kaka za ta kawo manoma su gani da idonsu, a karrama mai gonar.

Labari ya riga motarsu isa Magariya. Mutumin da ya manta hanyar ƙauye sai ga shi da farar shadda.

"Ƙanena, ina son gonata bana," in ji Ɗanasabe.

"Haba Yaya! Fako ka ba ni. Itatuwan nan ni na raine su."

Aka je gaban maigari. Tambaya ɗaya ya yi wa Mainassara: "Ka dasa?"

"Ranka ya daɗe, ban dasa ba. An hana ni."

"To, abin da Allah ya tsiro a gonar mutum na mai gona ne. Kayan aro ba ya rufe katara, Mainassara. Ka yi haƙuri."

Haƙuri! Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Mainassara ya fito zuciyarsa na tafasa, ya rantse a ransa Ɗanasabe ba zai sha inuwar nan ba. Gimbiya ta ga idonsa ta ce, "Malam, ka bar wa Allah."

Gawo yana da hali irin nasa: da damina yake zubar da ganye, sai ruwa ya ɗauke ya yi kore. Wannan halin Mainassara ya jira. Da hadari ya fara haɗuwa ganye ya fara zuba, ranar kasuwa da tsakar rana gari duk ya watse, ya ɗauki barandami ya shiga gonar. Kowane gawo sai ya tone rairayin gindinsa, ya zagaye shi da sara mai zurfi ya ɓare ɓawon, ya mayar da rairayi ya daddale. Bai bar ko ɗaya ba. Da ya zo kan babban, wanda ya fara raino, ya sauke barandamin, sai ya tuna farar shaddar Ɗanasabe, ya ƙara masa sara.

Duk damina gawon kowa tsirara yake, don haka ba wanda ya lura. Ɗanasabe yana ta cika baki a Magariya cewa gonarsa za a nuna wa duniya, har kujeru da rumfa ya yi haya.

Ranar da baƙi suka zo, gawon ƙasar Kwaya duk ya yi shar, ban da na gona ɗaya. Madam Hamida ta dubi busassun rassan, sannan ta tambayi Ɗanasabe yaushe itatuwan suka fara ciwo. Ya dubi sama, ya dubi ƙasa. Ta tambaye shi yadda yake datse toho, ya fara kame-kame, wani manomi daga Mallawa ya fashe da dariya, sauran suka taya shi. Mainassara yana bayan taro, ya ji wani sanyi ya ratsa shi har ƙashi. Lallai ramuwar gayya ta fi gayya zafi, kuma ya ji daɗinta, babu amfanin ɓoyewa.

Sai dai ɗan kasuwa ba ya daɗewa cikin kunya. Ɗanyen gawo doka ta hana a sare shi, amma busasshe ba mai hana ka. Ɗanasabe ya nemo izini, ya kawo masu gatari. Amalanke bayan amalanke suka riƙa wucewa ta ƙofar gidan Mainassara zuwa kasuwa, shi kuwa yana gane kowane gungume daga nesa.

Amalanken ƙarshe a ƙofarsa ya tsaya. Ɗanasabe da kansa ya sa aka sauke itacen, ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "Ƙanena, ga ladan aikinka. Ba don kai ba, da har na mutu ban taɓa su ba."

Gimbiya ta daɗe tana girki da karan dawa da kashin shanu. Ta dubi mijinta, ta dubi itacen, ta ja gungume ɗaya ta shiga da shi madafa. Mainassara ya zauna a ƙofa hayaƙin yana zuwa masa. Da aka kawo tuwo ya ture kwanon.