Makunnin Ƙarƙashin Kujera

Nuala ta ja tsohuwar wayar koyil, abin da ke ba injin tarakta wuta, sai ta gutsure a hannunta kamar busasshiyar taliya. Ta yi tsaki. Duk wayoyin taraktar nan haka suke: ɓeraye sun ci rabonsu, ruwan saman yankinsu na Mayo ya ci nasa, abin da ya saura kuma babanta Malachy ya naɗe shi da salatif tun kafin a haife ta.

Shi kuwa yana zaune a kan kifaffen bokiti a bakin rumfar da ake ajiye taraktar, yana ba da umarni kamar shi ne makanikin. Shi ya kira ta daga garejin bas-bas da take aiki a gari, wai dainamon Tsohuwa ya mutu, batir ba ya caji, ga tumaki a kan tudu suna jiran ingirici. Tsohuwa sunan taraktar ke nan, ko mahaifiyarsu da ranta haka take kiranta.

Abin da bai sani ba, yayanta Fintan ma ya kira daga Dublin. Tun da Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar coci watan jiya, likita ya hana shi tuƙi, shi ko ya ce likita bai taɓa ciyar da tunkiya ba. Shawarar Fintan ita ce ta gyara, amma ta ɓoye makunnin da zai yanke wa injin wuta a wani lungu, in za ta koma gari ta kashe, tsoho ya yi ta murza makulli har ya haƙura. Fintan gwani ne wajen yanke hukunci daga nesa. Ta amsa masa, don ita ma tana tsoron ranar da za a tsinci babanta a ƙarƙashin taya, amma abin yana ci mata rai.

Ta cire dainamon ta ɗaura altaneta, na'urar caji ta zamani. Ta juya kawunan batir, domin irin waɗannan tsofaffin jan kai suke haɗawa da jikin ƙarfe, sabon kaya kuwa ba ya lamuntar haka. Ta ja sababbin wayoyi zuwa makulli da jar fitilar caji. Da aiki ya zo kan koyil, sai ta ce ƙishin shayi take ji.

"Ke da gidan ubanki, ni ne zan dafa miki?" in ji shi. Amma ya miƙe da ƙyar, ya nufi kicin.

Kafin ya dawo ta huda ƙarfen ƙarƙashin kujera, ta dasa makunnin, ta bi da wayar koyil ta cikinsa. 

Bayan sun sha shayi ya hau taraktar, ya murza makulli. Tsohuwa ta yi tari sau biyu ta kama. Jar fitila ta mutu, alamar caji na shiga. Fuskarsa ta washe yadda Nuala ta daɗe ba ta gani ba. Ya saurari injin har ya gamsu, sannan ya mayar da makulli.

Injin bai tsaya ba.

Ya zare makullin gaba ɗaya, ya ɗaga mata shi ta gani. Tsohuwa na ta gurnaninta. Nan take Nuala ta gane: wuta ce ke komowa daga altaneta ta wayar jar fitila tana ciyar da koyil, ɗan abin da ke hana wutar komowa kuma ta baro shi a gareji. Malachy ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"An zare mata makulli, ta ce ba ta gama ba," ya ce. "Ni da ita jirgi ɗaya ya kwaso mu." Ya share idonsa da bayan hannu. "Gwada wancan da kika ɓoye a ƙarƙashin kujera mana."

Kunya ta rufe ta. Ta ma manta cewa tagar kicin tana kallon rumfar. Ta zura hannu ta danna, injin ya mutu, aka bar su da ƙarar ruwa a kan kwanon rumfa.

"Fintan ne ko?"

"Ni ma da hannuna, Baba. Tsoro nake ji."

Bai yi faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya daɗe yana juya makullin a tafinsa, yana duban tudu inda tumaki suka taru a bakin shinge.

"To, su dai ba su ci ba tukuna," ya ce.

Nuala ta sake kunna makunnin. Ta ɗora damin ingirici a baya, ta hau kan ƙarfen ja inda take tsayawa tana ƙarama. Ya murza makulli, Tsohuwa ta kama, suka fita cikin ruwan, hannunta ɗaya a kafaɗarsa, ɗayan a kan makunnin ƙarƙashin kujera.