Azumin 'Yar Fari

Tun kafin su bar gida a bayan Goron Dutse, Murja ta riga ta yanke wa ciwon 'yarta suna. Ai 'yar Na'ima maƙwabciyarsu haka ta yi: kasala, jin sanyi, gashi yana zuba in ana kitso. Aka ce wani ɗan nama ne a wuya, wanda in ya kumbura ake kira maƙoƙo, shi ne ya yi sanyin aiki. Aka ɗora ta a kan ƙwaya guda kullum da safe, yarinya ta miƙe garau. Abin da Murja ta zo asibiti karɓa ke nan. Ciwon da ƙwaya ke warkarwa ba laifin kowa ba ne.

Bahijja na zaune a gefenta, 'yar shekara goma sha huɗu, da rigar sanyi a ƙarƙashin hijabi alhali zafin bazara ya hana kowa sakat. Likitar, mace ce da ba ta girmi Murja da yawa ba, ta duba sakamakon gwajin jinin, ta taɓa wuyan yarinyar, ta riƙe hannunta ta daɗe tana jin bugun jini.

"Maman Bahijja, wuyanta lafiya lau yake."

"To likita, sanyin fa? Ga al'adarta ma ta ɗauke."

"Sinadarin da ɗan naman wuyan, wato tayirod, ke aiki da shi ya yi ƙasa, gaskiya ne, amma ba lalacewa ya yi ba. In itace ya kusa ƙarewa a gida, me mai girki take yi?"

"Rage wuta."

"To jikinta ne ya rage wuta. Har zuciyarta ta rage gudu." Ta juya wajen yarinyar. "'Yan mata, me kika ci yau?"

"Azumi nake, yau Litinin."

"Jiya Lahadi fa?"

Bahijja ta sunkuyar da kai. "Ramuwa."

"Shekaranjiya?"

Bahijja ta kawar da kai. Murja ta ji fuskarta ta ɗau zafi kamar ta leƙa tukunya. Likitar ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi ma da ya fi sauƙi. Cewa kawai ta yi babu ƙwayar da za ta bayar, ba ƙaramin hatsari ba ne a ba mai wannan hali maganin maƙoƙo. Azumi ya tsaya daga yau. Abinci kaɗan-kaɗan, sau da yawa, ba ɗura ba, kuma wani babba ya zauna ya ci tare da ita. Su dawo ranar Alhamis a auna ta, akwai kuma likitar da ke zama da yara masu tsoron abinci, za a haɗa su. In nauyin ya ƙara sauka, gado za a ba ta.

"Wa ya fara sa ta azumin?" in ji likitar, tana rubutu.

"A gida ne," in ji Murja.

Suka hau adaidaita sahu zuwa gida. Murja na kallon ganuwa tana wucewa, abin da ya faru bara yana dawo mata. Bahijja a lokacin cikakkiyar yarinya ce, kumatu kamar an hura. Ta dawo daga Islamiyya tana kuka, wai 'yan ajinsu sun sa mata Randa, in za ta zauna sai su ce a kawo gammo. Murja ta so ta je makarantar ta yi tijara. Sai dai Bahijja 'yar fari ce, kuma a gidan surukarta Hajiya 'Yardada, uwa ba ta rawar jiki a kan ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta cin abinci da shi, balle ta tare masa faɗa. Bahijja ma Anti take ce mata, a ɗakin kakarta take kwana. Don haka Murja ta nemi hanyar da ba mai zaginta, ta raɗa mata a bakin murhu: "Ki riƙa azumin Litinin da Alhamis. Ga lada, ga jiki zai sake."

Jiki ya sake kuwa. Yarinya ta ƙara da kwana ukun tsakiyar wata, ta ƙara da ramuwar da ba ta ƙarewa. Da magariba sai ta ɗauki kwanonta ta shige ɗaki. A can ta ce wa kaka ta ci wajen Anti, a nan ta ce wa Anti ta ci wajen kaka. Hajiya kuwa duk bikin da ta je sai ta ba da labarin jikarta mai ibada, har ta sa matan gidan duka suka ɗauki azumin Litinin. Murja da kanta yau da shi ta tashi.

Sun iske Hajiya a tsakar gida kan tabarma, tana jan carbi, Na'ima ta shigo jin labari.

"Ƙawata ta dawo!" in ji Hajiya, tana kallon jikarta. "Me suka ce, Malama? An samo maƙoƙon?"

"Babu maƙoƙo, Hajiya," in ji Murja daga tsugune. "Yunwa ce. An ce ta daina azumi."

Carbin ya tsaya. "Yunwa? A gidan nan? Na'ima, kin ji min likitocin zamani. Yarinya tana neman lahirarta a ce yunwa. Mu da muka yi wata uku a jere ba mu faɗi ba."

"Ai ke ƙarfen da ce, Hajiya," in ji Na'ima tana dariya, idonta kuwa na kan wuyan hannun Bahijja.

"Ku bar min ita, da magariba zan dama mata fura da kaina. Je ki kwanta, ƙawata."

Bahijja ta juya za ta shige ɗakin kakarta, da sauri irin na wanda aka saki. Murja ta bi bayan da kallo. In ta yi shiru, ba wanda zai ga laifinta. Za a ce mai kunya ce, 'yar mutunci. Furar kuma za ta bi kwata kamar sauran.

"Ke, tsaya."

Ta miƙe ta shiga kicin. Akwai shinkafa da wake da aka dafa wa yara 'yan makaranta. Ta zuba kaɗan a faranti, ta sa mai da ɗan yaji, ta ɗauko cokali biyu. Ta shimfiɗa buhu a inuwar katanga, inda kowa ke ganinsu, ta zauna.

"Zo nan."

"Murja," in ji Hajiya, a hankali, "ke ba azumi kike ba?"

"Ina yi, Hajiya. Zan rama."

"Kuma da 'yar fari za ki haɗa kwano? A gabana?" Ta tafa hannu. "Ikon Allah. Kunya ta yi ƙaura daga Kano."

Na'ima ta tuna ta bar tukunya a wuta, amma ba ta wuce bakin zaure ba. Murja ta san kafin la'asar maganar ta kai Ƙofar Kabuga. Ba ta iya ɗaga ido ta dubi surukarta ba. Ta yi bisimilla, ta ɗebi shinkafa ta kai baki. Ta tura da ruwa.

Bahijja ta zauna a bakin buhun, can nesa da farantin.

"Anti, zunubi ne."

"Ba farilla ba ne, kuma ba ki da lafiya. In akwai zunubi, nawa ne. Ni na ce ki fara, ni na ce ki aje."

Hajiya ta ɗago. "Ke kika ce ta fara?"

"Ni ce, Hajiya. Ba don lada ba. Don ta rame."

Tsohuwar ta dubi jikarta, irin kallon da ake yi wa zanen da aka daɗe ana ɗaurawa ba a lura ya koɗe ba. Sai ta juya musu gefe ta ci gaba da carbinta, ba ta ce a ci ba, ba ta ce a bari ba.

Bahijja ta ɗauki cokali. Ta ware wake gefe, ta tattara 'yan ƙwayoyin shinkafa, ta sake watsa su. Hawaye na ɗiga a hijabinta.

"In na koma yadda nake fa? Za su sake."

"Su sake. Wannan karon da ƙafata zan je makarantar."

"Hajiya za ta ce..."

"Ta riga ta ce."

Yarinyar ta ɗan murmusa cikin kuka. Ta kai cokalin baki, rabinsa ma bai cika ba, ta daɗe tana taunawa. Murja ba ta yaba ba, ba ta ce ƙara ba. Ta kawar da kai kamar tana kallon kaji, ta ɗebi nata, tana ci a hankali don kada farantin ya ƙare kafin 'yarta ta sake miƙo hannu.