Jiƙaƙƙen Buhun Dogo

Kajina na ɗaki na biyu sun mutu ana saura kwanaki kaɗan Ista, kwamfuta kuwa tana cewa sanyi suke sha.

Ni dama ban so kayan nan ba. Wani injiniya daga Samaru, Felix, shi ya dame ni har na yarda. Ya kafa ƙaramin akwati a kowane ɗakin kaji a gonata ta Zabi, kowanne da ɗan ƙarfe mai auna zafi, ya ja waya ɗaya ta haɗa su duka da kwamfutar ofis. In zafi ya yi yawa akwati zai faɗa wa kwamfuta, ita kuma ta sa shi ya kunna fanka da feshin ruwa. Da zai tafi ya ja kunnen ma'aikata kada su bari akwatunan su yi zafi.

Da na ga gawarwakin kaji na aika aka ɗauko shi a kan acaɓa. Na rantse a gaban kowa cewa mai laifin nan zai bar gonata yau, ko wane ne. Felix nake nufi, shi da akwatunansa. Ya duba kwamfuta yana gumi, ya ce ita dai ba ta yi ƙarya ba. Na ce ya je ya faɗa wa kajin.

Muka shiga ɗakin. Akwatin da ƙarfen awon duk an naɗe su da jiƙaƙƙen buhu kamar randa, har ruwa na ɗiga.

Dogo, mai kula da ɗakin, ya matso yana murmushi. Ya ce aikinsa ne. Wai ya taɓa akwatin ya ji kamar mai zazzaɓi, tun safe yake yayyafa masa ruwa.

"Yaya Dogo, da ka ga kaji suna haki fa?"

"Injiniya bai ce komai a kan kaji ba."

Dogo yayan matata Salome ne, shi ya rene ta. Amma ma'aikata na kallona, ni kuma ba na lashe amaina. Na sallame shi nan take.

Salome ba ta yi faɗa ba. Washegari ta sa mai amalanke ya kwaso kayansa zuwa gidanmu na Muciya, ta ce yayanta ba zai kwana a titi ba tana da rai. Yana nan har yau, a kan kujerata, rediyona a kunnensa. In an yanka kaza, shi ake ba ƙundu, rabon maigida.