Jan Zare da Baƙin Zare

A gida ana ce masa Dokta, tun bai gama karatun kiwon dabbobi ba. Abu ɗaya ya rage masa, aikin bincike na shekarar ƙarshe. Bara a kansa ya faɗi. Bana in ya sake faɗuwa, makaranta za ta sallame shi hannu rabbana.

Binciken a kan fararen kajin nan ne masu saurin girma. Ya raba su gida biyu a tsohon ɗakin ajiya na bayan gida, da ragar waya a tsakani. Masu jan zare a ƙafa abincin buhu suke ci zalla. Masu baƙin zare kuwa ana haɗa musu da garin wani ganye mai ɗaci. Bambanci yake nema, a nauyi da kuma a jini. Da safe yakan auna wa kowane ɓangare nasa, ya bar wa Inna ta zuba musu, shi ya wuce aji.

Da suka kai lokacin gwaji, ya ɗaga fiffiken kowace kaza, ya soka allura a jijiya, ya ɗebi jini a 'yan kwalabe ya kai ɗakin gwaji.

Mai awon jinin, wata dattijuwa mai tabarau, ta daɗe tana kallon na'urarta.

"Ɗan nan, kaza ɗaya ka tatsa ka rarraba mana a kwalabe?"

"Wallahi a'a, Anti."

"To sukari ɗaya, kitse ɗaya. Ganyen nan ko yaya ne sai ya nuna a hanta. Je ka bincika gidanku."

Ya dawo da tsakar rana, lokacin da bai saba dawowa ba. Ƙofar ɗakin kajin a buɗe take. Inna na durƙushe gaban babban baho, ta juye awon biyu a ciki tana cuɗawa da hannu.

"Inna, me kike yi?"

"Au, Dokta, ka dawo? Ai masu baƙin zaren nan tausayi suka ba ni. Tun suna 'yan tsaki na ga suna ture abincin, suna leƙen 'yan'uwansu ta waya. Na ce wannan zalunci ba da hannuna ba. Shi ne nake gauraya musu, kowa ya ɗanɗani ɗacin kaɗan."

"Tun yaushe?"

"Tun farko mana."

Ya jingina da bango. Kajin sun yi jibga-jibga, wasu ma ƙafafunsu sun kasa ɗaukarsu, suna kwance suna haki. Ba za su koma 'yan tsaki ba. Kafin wasu su girma kuwa, an rufe karɓar aiki.

Inna ta dafa gwiwarta mai ciwo ta miƙe da ƙyar, gari har gwiwar hannu. Tuni ta kai ɗinkin kayan da za ta sa ranar bikin yaye shi daga makaranta.

"Ka ga yadda suka yi ƙiba duka? Ba wadda aka bari a baya. Malaminka zai ji daɗi, ko?"



"Na gani, Inna," ya ce.

Ya tsuguna ya kama kazar da ke kusa da shi, ya fara kwance zaren ƙafarta.